Ɗana ne mai rigima, don me ni za a horar?

Tambaya: Ɗana shekararsa 4. Da zarar an hana shi abu sai ya faɗi ƙasa yana birgima da ihu, yana dukan ƙanwarsa, kuma ba ya jin magana sai na ɗaga murya. Likita ya ce in shiga horon iyaye, wato darussan koyon yadda ake bi da halin yaro. Laifina ne ke nan? (Daga wata uwa)

Amsa: 'Yar'uwa, ba laifi aka ɗora miki ba. An zaɓe ki ne domin yaro mai waɗannan shekaru ba ya gyaruwa da nasihar awa ɗaya a mako, yana gyaruwa ne a hannun wanda suke wuni tare.

Tun shekarun 1960, Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan Adam a jihar Oregon ta Amurka, ya bibiyi yadda rigimar ke kafuwa: uwa ta hana, yaro ya ƙara ihu, uwa ta gaji ta miƙa masa abin. Yaro ya koyi cewa ihu yana biyan bukata, ita kuma ta samu shiru na ɗan lokaci, gobe a sake maimaitawa da ƙarfi. Wannan zagayen ne horon yake son karyawa.

A tsarin horon iyaye da Sheila Eyberg, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta kafa a shekarun 1970 domin yara 'yan shekara 2 zuwa 7, ana farawa da wasa na minti 5 kullum, inda yaro ke jagoranci, ke kuma kina yabon abin kirki da sunansa: "Na ji daɗi da ka ba ƙanwarka motar." A ganina wannan mataki ya fi komai muhimmanci, ko da yake shi iyaye suka fi rainawa. Bayansa ake koyon ba da umarni guda, gajere, cikin natsuwa, a jira daƙiƙa 5, idan ya ƙi a yi gargaɗi sau ɗaya, sannan ya zauna a kujera shi kaɗai na minti 3, ba duka ba zagi.

Ki sani cewa ihun kan ƙaru a farkon lokacin da kika daina sakar masa, kuma ja da baya a nan yana ƙara masa taurin kai. Ki nemi mahaifinsa da duk mai kula da shi su bi ƙa'ida ɗaya, sannan ki roƙi likita ya duba jinsa, maganarsa da barcinsa, domin matsala a ɗayansu kan fito da kamannin rashin jin magana.