Shin shekarun da na yi a aji za su tsaya mini a madadin takardar malanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da digirin Fiziks, kuma tun da na gama bautar ƙasa nake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Mabera, cikin Sakkwato, shekara uku ke nan. Wani ya ce shekarun sun wadatar, in ba shi kuɗi kawai ya samo mini takarda. Ina fargabar ranar tantancewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mafita tana nan, kuma ba sai ka bar ajinka ba. Mai digirin Fiziks diflomar PGDE, wato ta koyon malanta bayan digiri, yake buƙata, wadda ake yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, mai tsarin karatu daga nesa domin waɗanda ke bakin aiki. Daga nan sai jarrabawar TRCN, hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa rajistar malamai.

Amma batun cewa daɗewa a aji horo ce, wallahi na gaji da jin sa. Wanda ya shekara uku ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsa da takardar duba aiki, sau da yawa kuskure ɗaya ya yi ta maimaitawa har ya zame masa jiki. Na taɓa duba wani malami da ɗalibansa suka haddace dokokin Newton tsaf, amma da na ɗaga dutse da tsakuwa na tambaye su wanne zai riga faɗowa, kusan ajin duka suka ce dutse, alhali tare suke faɗowa. A gwajin lilo kuwa, inda ake ƙirga kai-komon abin da aka rataye da zare, da sun saki zaren sai su ce "ɗaya", alhali lilon bai je ya dawo ba, don haka zagaye 19 suke aunawa suna rubuta 20. Malamin ya san Fiziks sarai, sai dai ba a taɓa koya masa tono abin da yaro ya shigo da shi a ka ba, wanda shi ne aikin gwajin koyarwa ƙarƙashin mai duba.

Shi kuwa mai sayar da takardar, ɗan damfara ne. Takardar da babu sunanka a kundin makarantar da aka ce ta bayar jabu ce, kuma ranar da asiri ya tonu har digirinka na halal sai an yi masa kallon tuhuma. Ka riƙe kuɗinka ka sayi fom, sannan ka nemi shugaban makarantarku ya daidaita maka jadawali da lokutan lacca.