Tsiro da toho ba ɗaya ba ne

Ka tambaya ko tsiro da toho abu ɗaya ne. A'a. Tsiro shi ne abin da iri ya fitar ya huda ƙasa, kamar gero kwana uku zuwa biyar bayan shuka. Toho kuwa sabon ganye ne mai laushi a jikin itacen da yake tsaye tuntuni, irin wanda kuka ke yi da bazara. Tsiro ya fi faɗi: jam'insa, tsirrai, ya haɗa duk abin da ke fitowa daga ƙasa, har a jiki ana cewa basir mai tsiro.

Sai dai in kututturen dawa ya sake fitowa bayan girbi, mu manoma gyauro muke cewa. Kiyaye wannan sunan, don ɗanyen gyauron dawa yakan kashe dabba. Na ga tunkiyarmu ta ci, kafin magariba ta faɗi.