Barista, Za Mu Iya Kai Jam'iyyarmu Kotu Kan Zaɓen Fidda Gwani?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan PDP ne a Azare, kuma ina cikin shugabannin jam'iyya na mazaɓarmu. Tun daren da aka faɗi sakamakon zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa na 2022 raina a ɓace yake. Mu Ƙauran Bauchi, Gwamna Bala Mohammed, muke yi, sai ga shi da ƙuri'a 20 kacal. Ana dab da fara jefa ƙuri'a aka sake ba Tambuwal dama ya hau mumbari ya janye wa Atiku, ga maganar dala da ta cika gari. Mun fara haɗa kuɗi a ƙungiyarmu don mu shigar da ƙara a soke zaɓen. Sannan cikin fushi na rubuta a Facebook cewa wani daliget da na sani a Gombe ya sayar da ƙuri'arsa, na kama suna, yanzu ya ce sai mun haɗu a kotu. Ina mafita? Kuma in na ga dama na bi wani ɗan takarar, doka za ta hau kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ku dakatar da karɓar kuɗin nan, wanda aka riga aka tara kuma a mayar wa masu shi. Ƙarar da kuke shirin shigarwa ba za ta kai ga a saurari hujjarku ba.

Dalili shi ne, tun a shari'ar Onuoha da Okafor ta 1983 Kotun Ƙoli ta ce tsayar da ɗan takara al'amarin cikin gida ne na jam'iyya. Daga baya majalisa ta buɗe wata 'yar ƙofa, wadda ta zo a sashe na 84(14) na Dokar Zaɓe ta 2022. Sashen ya ce mai neman takara da ke ganin an saɓa wa Dokar Zaɓe ko ƙa'idojin jam'iyya wajen fidda ɗan takara yana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya. Mai neman takara kuwa, a fassarar da kotuna suka daɗe a kanta, shi ne wanda ya sayi fom, aka tantance shi, ya shiga zaɓen da ake rigima a kai. Ɗan jam'iyya ba ya ciki, shugaban mazaɓa ba ya ciki, hatta daliget ɗin da ya jefa ƙuri'a da hannunsa a filin wasa na Abuja ranar 28 ga Mayun 2022 ba ya ciki. Lauyan jam'iyya zai miƙe ne a zaman farko ya ce ba ku da hurumi, alƙali ya kori ƙarar, wataƙila ma ya ɗora muku kuɗin ɓata wa ɗaya ɓangaren lokaci.

Masu wannan haƙƙi su ne waɗanda sunayensu ke kan takardar ƙuri'a: Wike mai 237, Saraki mai 70, Udom Emmanuel mai 38, Gwamna Bala Mohammed mai 20, da sauransu. Haka abin yake a APC, inda Tinubu ya yi nasara. Ina jin magoya bayan waɗanda suka faɗi a can ma suna irin wannan magana taku, amsarsu ɗaya da taku. In mai abu bai je kotu ba, ba wanda zai je masa. Kuma ka ga shi Ƙauran ya riga ya dawo gida, wanda ya ci tikitin gwamna na PDP a Bauchi ya janye, an sake zaɓe ya karɓi tuta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ya sa gaba.

Ko su masu hurumin, lokacin da doka ta ba su gajere ne. Sashe na 285(9) na Kundin Tsarin Mulki ya ba da kwana 14 kawai daga ranar da abin ya faru, kuma ba alƙalin da ke da ikon ƙara ko yini ɗaya. Lauya mai taka-tsantsan yakan ƙirga har da ranar da aka yi zaɓen, da Asabar da Lahadin da ke tsakani, wanda ke nufin Juma'a 10 ga Yunin 2022 ce ta kasance rana ta ƙarshe ga zaɓen PDP. In an shigar, kotu na da kwana 180 ta yanke hukunci, kwana 14 a ɗaukaka ƙara, kwana 60 a gama sauraron ɗaukakar. Yawancin ƙararrakin fidda gwani da ke mutuwa, a kan waɗannan kwanaki suke mutuwa, ba don mai ƙara ba shi da gaskiya ba.

Game da janyewar Tambuwal, doka ba ta hana mutum janye takararsa ya ce wa magoya bayansa su zaɓi wane ba. Kada a haɗa wannan da maslaha, wadda sashe na 84(9) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye wa mutum ɗaya. A nan an jefa ƙuri'a, an ƙirga, Atiku ya samu 371. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne ko sake ba shi lasifika bayan an gama jawabai ya saɓa wa ƙa'idar taron, wannan kuwa magana ce ta ɗan takarar da abin ya shafa.

Na san za ka ce, to Zamfara fa? Gaskiya ne, ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da dukan ƙuri'un APC a jihar saboda ba a yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Amma ka duba su wa suka kai ƙarar, ka kuma duba wa ya amfana. Masu neman takara ne suka yi rigimar, kujerun kuma abokan hamayya suka kwashe, daga gwamna har 'yan majalisa. Sashe na 84(13) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya faɗe shi ƙarara: jam'iyyar da ta saɓa wa doka a zaɓen fidda gwani, ba za a sa ɗan takararta a wannan kujera ba. Ke nan ko da kotu za ta saurare ku, kuna iya rushe ɗakin da kuke kwana a ciki ne, ba tare da gwaninku ya samu komai ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma shi ne ka ɗauka ƙarami. Rubutun nan na Facebook shi ne inda doka za ta iya taɓa ka kai tsaye. Ka kama sunan mutum, ka jingina masa cin hanci a bainar jama'a. Yana da hanya uku. Zai iya kai ƙarar ɓata suna a babbar kotun jiha ya nemi diyya. Zai iya kai ƙorafi na laifi, domin a dokar laifuka ta Penal Code da jihohin Arewa suka gada ɓata suna laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyu. Zai kuma iya zuwa wurin 'yan sanda da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, yadda yake kafin a gyara shi a 2024, mai ɗaurin har shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Ni ba na son wannan sashe, an sha amfani da shi wajen toshe bakin talaka da 'yan jarida, amma rashin sona ba zai hana a tsare ka da shi ba.

Za ka ce ai gaskiya ka faɗa. Gaskiya kariya ce, sai dai kai ne za ka tabbatar da ita, ba shi zai wanke kansa ba. Kuma saboda zargin aikata laifi ne, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar da shi yadda ba sauran kokwanto, ko da a shari'ar diyya ce. Ka ga an miƙa masa kuɗin? Kana da wanda ya gani, kuma zai yarda ya tsaya ya rantse? Ƙuri'ar ma a asirce aka jefa, ta ina ka san wa ya zaɓa? “Kowa ya sani” da “an ce” ba sa shiga kunnen alƙali. Shi kuwa hoton rubutunka da ya ɗauka a waya, kotu za ta karɓa in ya cika sharuɗɗan gabatar da shi.

Don haka yau ɗin nan ka ɗauki hoton rubutun ka ajiye wa lauyanka, sannan ka goge shi, ka roƙi abokan da suka yaɗa su ma su goge, don mai yaɗawa ma yana iya shiga ciki. Kada ka ƙara kalma ɗaya a kan mutumin, ko a zauren WhatsApp. Ka nemi dattijon da ku biyun kuke jin nauyinsa, a jam'iyya ko a zumunci, ya shiga tsakani tun takarda ba ta fita daga ofishin lauyansa ba. In ya nemi ka janye maganar a rubuce, ka yarda, amma lauya ya duba kalmomin kafin ka wallafa, kuma shi ma ya sa hannu cewa magana ta ƙare. In 'yan sanda suka gayyace ka, ka je, kada ka ɓuya, amma ka tafi da lauya, sashe na 35(2) na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da shi. In kuwa da gaske kana da hujja a hannu kan rabon kuɗi, EFCC da ICPC na karɓar takardar koke daga kowane ɗan ƙasa, can ya kamata ta je.

Batun barin jam'iyya ba shi da wuya. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin shiga ko fita, kuma dokar rasa kujera saboda sauya sheƙa 'yan majalisa ta shafa, ba irinka ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka riƙe muƙamin mazaɓa kana yi wa wani ɗan takara kamfe a fili, jam'iyya na iya dakatar da kai kan zagon ƙasa bayan ta ji ta bakinka. In ka yanke shawarar tafiya, rubuta takardar murabus ga shugaban mazaɓa, a sa hannu a kwafinka, ka miƙa duk kayan jam'iyya da ke wurinka. In kuma zama za ka yi, ku rubuta kokenku ga shugabannin jam'iyya na jiha da sunayenku, wannan hanya a buɗe take ga kowane mamba.