Rigunan da aka aiko mini daga Faransa suna sa ni gumi: jabu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga Yantala, Yamai. Ƙanwata da ke Faransa ta aiko mini dogayen riguna uku daga wani babban kantin tufafi. Biyu daga ciki, in na sa su da rana sai gumi ya jiƙe ni, kafin la'asar har sun fara wari. A jikin ɗaya an rubuta "100% polyester", ɗayar "65% polyester, 35% coton". Ta ukun mai "100% viscose" ba ta damuna. Jabu aka sayar mata? Kuma yaya zan gane yadin da ya dace da mu in na shiga Babbar Kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ba a cuci ƙanwarki ba. Kantin ma gaskiya ya faɗa, don dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta tilasta a rubuta irin zaren da aka saƙa tufa da shi da yawan kowanne. Matsalar ita ce an ɗinka rigunan ne don masu zama a wani yanayi daban da na Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40.

Poliyesta daga man fetur ake yin sa, dangin robar kwalbar ruwan sha ne. A Ingila aka ƙirƙiro shi a 1941, yau kuwa fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa shi ne. Manyan kantuna suna son sa don yana da araha, ba ya yamutsewa, ba ya koɗewa da wuri, ga saurin bushewa. Amma ba ya shan ruwa. Auduga tana riƙe danshin da ya kai wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, poliyesta ko kashi 1 bai kai ba. Saboda haka gumin da ya fito miki ba shi da inda za shi, sai ya tsaya tsakanin fata da riga. Warin kuma daga maiƙon jiki yake: zaren yana kama maiƙo ya riƙe, ƙwayoyin cuta su samu abinci, har wani lokaci ki wanke rigar tsaf, da kin sa ta jiki ya ɗumama ta sai warin ya dawo. Mai kashi 35 na auduga ta ɗan fi sauƙi, amma rinjaye na roba ne.

Biskos ("viscose") da ba ya damunki, asalinsa itace ne. A masana'anta ake narkar da itacen da sinadarai a ja shi zare, don haka yana shan gumi har fiye da auduga, ga sanyi a jiki. Rauninsa idan ya jiƙe ne. Kada ki murɗe shi da ƙarfi wajen wanki, kuma ki shanya shi a inuwa.

Akwai abin da ya fi gumi damuna, kuma kullum sai na faɗa wa mata. Idan wuta ta taɓa poliyesta, narkewa yake yi ya manne a fata. Mace tana durƙushe gaban murhun gawayi ko gas, gefen hijabi ko hannun riga ya leƙa wuta, ƙunar da za ta samu ta yi zurfi ƙwarai. Auduga ma tana kamawa, kuma da sauri, amma ba ta narkewa ta like. Da yawa daga cikin hijaban da ake sayarwa yanzu na roba ne zalla. Don Allah ki cire shi kafin ki hura wuta, haka kuma kada yara su zauna kusa da murhu da rigunan ƙwallo lokacin sanyi.

To, batun kasuwa. A riga ɗinkakkiya, ko sabuwa ko ta gwanjo, ki juya ta ki duba ɗan farin ƙyallen da ke maƙale a ɗinkin gefe ta ciki. In kin ga "coton" (auduga), "lin" (lilin, shi ma zaren tsiro ne) ko "viscose" ne ke da kaso mafi yawa, ta yi. "Élasthanne" kashi 2 zuwa 5 ba komai, shi ke sa yadi ya ɗan miƙe. Ki karanta har ƙasa, domin sau da yawa saman rigar auduga ne amma shafin ciki, wanda suke rubutawa "doublure", poliyesta ne, shi kuwa shi ke taɓa jikinki.

Yadin da ake yankawa a mita ba kullum yake da shaidar da za ki yarda da ita ba. Atamfar Holan ta ainihi da shaddar Getzner ta Ostiriya auduga ce, amma kwaikwayonsu ya cika kasuwa, wasu an cakuɗa su da roba, ido kaɗai ba ya rarrabewa. Ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan guntu daga baki. A gida ki riƙe shi da cokali mai yatsu a kan faranti ki kunna masa ashana. Auduga za ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke watsewa da kin murza. Poliyesta zai janye daga wutar, ya yi baƙin hayaƙi da warin leda, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. In kin samu toka da ɗan tauri tare, gauraye ne. Ɗiga ruwa ma yana taimakawa, sai dai sabuwar shadda mai sitati da sheƙi takan ƙi shan ruwa ko da ta ainihi ce, don haka wutar ta fi tabbas.

Kada kuma ki ɗauka duk auduga sanyi ne da ita. Shadda mai nauyi da ta sha bugu, saƙarta a matse take, iska ba ta ratsa ta sosai. Ki ɗaga yadi ki kalli haske ta cikinsa. Wanda ya fi sako-sako da rashin nauyi shi ne na bazara.

Rigunanki biyu kuwa kada ki yar da su. Ki ajiye su sai Disamba da Janairu, ko fitar dare, ki sa shimi ta auduga a ciki. Ki wanke su ranar da kika cire su, wajen guga kuma ki rage zafin dutsen, in ba haka ba yadin zai yi ƙyalli ko ya ɓule. In ɗaya tana da shafi na roba, ki kai wa tela ya cire ya sa miki na auduga mara nauyi.