Filogin ɗin mastarin na Windows a kan Linux: zai yiwu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na mayar da kwamfutar da nake gyaran sauti da ita kan Linux, amma filogin ɗin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa manhajar gyaran sauti) da nake mastarin da su, wato gyaran ƙarshe na waƙa, masu su sun ce Windows da macOS kawai suka san da su. Akwai yadda zan yi? Kuma sautin ba zai lalace ba?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Akwai hanya, kuma kada ka damu da batun sauti. Filogin lissafi yake yi a kan lambobi, lissafin kuwa ba ya sauyawa don an sauya babbar manhaja. In kana tantama, fitar da waƙa ɗaya a Windows da kuma Linux da saiti iri ɗaya, ka juya fuskar igiyar sautin ɗaya daga cikinsu, ka haɗa su. Shiru za ka ji, sai dai in filogin ɗin yana da abin da yake sauyawa da gangan, kamar ƙarar da ake zubawa lokacin rage bit.

Kayan aikin biyu ne. Na farko Wine, wanda tun 1993 ake gina shi, aikinsa fassara buƙatun manhajar Windows zuwa abin da Linux ke ganewa. Na biyu yabridge, wanda yake sa filogin ɗin Windows masu nau'in VST2 da VST3 da CLAP su bayyana a manhajar gyaran sauti irin su Reaper ko Bitwig kamar 'yan gida. Ka girka filogin ɗin ta Wine, ka nuna wa yabridgectl, manhajar da ake saita yabridge da ita, inda yake, ka ba shi umarnin sync. Filogin masu nau'in AU da AAX kam ka manta da su, na farko na Apple ne, na biyu na Pro Tools.

Inda gizo ke saƙar shi ne lasisi da fuskar filogin. Wanda ake buɗewa da lambar sirri ko fayil ɗin lasisi, irin na kamfanin FabFilter, yawanci ba ya ba da wahala. Wanda ya dogara da tsarin lasisin iLok kuwa yakan yi gardama, musamman mai ɗan makullin da ake sokawa a USB. Don haka gwada na gwaji kafin ka biya ko sisi, domin in ya ƙi, kamfanin ba shi da alhakin taimaka maka.

Shawarar da na fi ba muhimmanci: ranar da komai ya zauna daidai, ka daskarar da sigar Wine ɗinka, kada ka bari ta sabunta kanta. Daga siga ta 9.22 mutane da yawa sun ga linzami yana danna wuri daban da inda suka nufa, har aka riƙa ba da shawarar tsayawa a 9.21. Ka yi tunanin hakan ta same ka ana jiran aiki gobe.

Sa'arka ɗaya, mastarin ba ya buƙatar gaggawar ɗaukar murya, don haka ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, zuwa 1024 ko 2048, tsinkewar sauti za ta ragu sosai. Kuma ka duba LSP da x42 da Airwindows, filogin da suke aiki a Linux kai tsaye. Limita (mai hana sauti wuce iyaka) da ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS ɗinsu sun isa ka auna aikinka da mizanin -14 na Spotify ba tare da ka taɓa Wine ba.