Zan Iya Zuba Rabin Jarina a Motocin da Ba Kasafai Ake Samu Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da motocin tokumbo ne a Kaduna, na daɗe a harkar. Kwanan nan ina yawan ganin labarin tsofaffin motoci da ake sayarwa a Turai da Amurka a kan miliyoyin daloli saboda ƙarancinsu. To ga shi an yi mini tayin motoci biyu a wani gida a Zariya, mai su ya rasu: Marsandi 230 ta wajen 1980 da Fijo 504 fara, sun fi shekara goma a ajiye ƙarƙashin rumfa. Ina tunanin in cire kusan rabin jarina in saye su, in gyara, in ci gaba da neman irinsu ina tarawa har farashi ya tashi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kada ka taɓa rabin jarinka saboda wannan. Amma ka je ka duba motocin, domin akwai abin samu a harkar, sai dai ba ta ƙofar da kake shirin shiga ba.

Labaran da kake gani gaskiya ne. A watan Mayun 2022, a gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Stuttgart ta Jamus, an sayar da 300 SLR Uhlenhaut Coupé ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Guda biyu rak aka ƙera, ɗayar tana nan hannun kamfanin. Ferrari 250 GTO guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a Amurka a kan Dala miliyan 48.4. McLaren F1 guda 106 ne kacal, ɗaya ta haura Dala miliyan 20 a 2021. Abin da labaran ba sa tsayawa su faɗa shi ne ƙarancin ba shi kaɗai ya kawo kuɗin ba. Waɗannan motocin tsere ne ko 'ya'yan motocin tsere, an san lambar kowace, an san hannun da ta bi tun ranar da ta bar masana'anta, sannan akwai attajirai masu yawa da ke son su fiye da adadin motocin. Idan ka cire masu so ɗin nan, abin da ya rage ƙarfe ne da ba a samun kayan gyaransa.

Dubi Bugatti Royale. Ettore Bugatti ya ƙera ta a Faransa da nufin sarakuna su saya, ya yi shirin yin 25. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta faɗo, aka tsaya a shida, uku kawai suka sami mai saye. Injinan da suka rage sai a jiragen ƙasa na Faransa aka sa su don a rage asara. A 1987 an sayar da ɗaya a Landan a kan Fam miliyan 5.5. Mai ƙera ta ya rasu tun 1947. Wato tsakanin ƙarancin da ribar an yi fiye da shekara hamsin, kuma wasu ne can suka ci.

Yanzu mu zo kan naka motocin. Marsandin da ka siffanta, in ta 1980 ce, tana cikin jerin da ake kira W123, wanda aka ƙera kimanin miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986. Fijo 504 kuwa an yi fiye da miliyan uku, kuma kai da kake Kaduna ka fi ni sanin cewa a garinku masana'antar Fijo ta PAN ta yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru bayan Faransa ta daina. Don haka duka biyun tsofaffi ne, amma ba masu wuyar samu ba ne a duniya. A cikin jerin ne ake samun masu ƙaranci. W123 mai ƙofa biyu kusan dubu 100 aka yi, mai dogon baya kuma kusan dubu 200, kuma su ne masu tara motoci suka fi nema. Haka 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinsu, farashinsu ya ninka na mai ƙofa huɗu sau da yawa. Kafin komai, ka ƙirga ƙofofin motocin nan.

Akwai kuma tarihin mota. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ta 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, don tara kuɗin gina wa mabuƙata gidaje, aka ba da rahoton an saye ta a kan kusan Dala miliyan 2.5. Mota ce irin wadda ta cika tashoshinmu a da. Sunan mai ita aka saya. In marigayin na Zariya sananne ne, kuma akwai rasidin saye da sunansa, da hotonsa tare da motar, wannan yana ƙara mata daraja ko da a cikin gida Najeriya ne. In kuwa labari ne kawai na baka, ba ya ƙara ko sisi.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne kalmar nan "in gyara". Gyara irin wanda muka saba da shi a harkar tokumbo shi ne yake kashe kuɗin tsohuwar mota. Mu idan inji ya gaji, sai bakanike ya sauke shi ya ɗora na Toyota ko Nissan, a kai wa mai fenti ya watsa sabon launi, mai kushin ya yaye tsohuwar fata ya sa leda mai sheƙi. Ga mai neman motar hawa, an gyara. Ga mai tara motoci, an lalata. Shi abin da yake biya shi ne lambar inji ta dace da lambar shasi kamar yadda masana'anta ta rubuta, launin ya zama na asali ko da ya koɗe, sitiyari da agogunan gaba da fitilu su zama nata. Mercedes-Benz na ajiye katin bayanin kowace mota da ta ƙera, ana iya nema da lambar shasi, a ga injin da launin da ta fito da su. Ferrari ma tun 2006 ta buɗe sashe na musamman don tantance tsofaffin motocinta, domin jabu ya yi yawa a kasuwar.

Idan ka je, kada ka tsaya kallon jiki daga nesa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gaba da ta baya ka danna ƙarfen da yatsa. Cire taya safaya ka duba ramin da take zama, nan ruwa yake kwana. Ɗaga batir ka duba ƙarƙashinsa, sannan ka sunkuya ka ga wuraren da ake sa jak, domin a W123 nan tsatsa take fara ci. Ka goge lambar shasi da tsumma ka ɗauki hotonta, ka lura ko akwai alamar walda ko sabon bugu a kewayenta. Kuma don Allah kada ka bari wani yaro ya kawo batir ya ce bari a tayar a ji ƙara. Injin da ya shekara goma a tsaye, sai an zubar da tsohon fetur, an canza baƙin mai, an juya shi da hannu an ga bai kafe ba. Tayarwar minti ɗaya tana iya cinye rabin darajarsa. A nan arewa muna da wata fa'ida guda: busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Rana ce take fasa mana roba da saman dashbod, su kuma ana iya sauyawa. Ruɓaɓɓen ƙasan mota shi ne babbar asara.

Sai lissafin kuɗi, wanda shi ne dalilin da na ce kada ka taɓa rabin jari. A ce Naira miliyan 10 ce. A hannunka, in ka juya ta sau huɗu a shekara a Corolla da Camry kana samun takwas cikin ɗari kowane juyi, ka sami miliyan 3.2 a shekara, kusan miliyan 10 a shekara uku. Ke nan tsohuwar motar da ka kulle kuɗin a cikinta sai ta ninka farashinta a shekara uku kafin ma ta kamo abin da ka bari. Ba a sa kuɗin kayan gyara da za ka saya da Yuro ba, da wurin ajiya, da mai gadi. Kuma ka auna ribar da Dala, kada ka auna da Naira. A farkon 2023 Dala tana ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Wanda motarsa ta ninka a Naira a wannan tsakanin, faɗuwa ya yi.

Ko a Turai kasuwar tana karyewa. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a Agustan 1988, mutane suka yi ta cin bashin banki suna sayen Ferrari don su sayar. Ferrari F40 da aka ce za a yi guda 400, aka riƙa sayar da ita ninkin-ba-ninkin kuɗinta, ƙarshe kamfanin ya ƙera fiye da 1,300. Daga 1990 farashin ya rufto, da yawa suka rasa fiye da rabin kuɗinsu. A manyan gidajen gwanjo kuma mai saye yana biyan ƙarin kashi 10 zuwa 15 a kan farashin, mai sayarwa ma ana cire masa nasa, ga kuɗin jirgin ruwa da inshora.

To ina ƙofar take? Tana wajen motocin da suke da yawa a wurinmu amma suke da wuya a wani wuri. Dokar Amurka ta ba da damar shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba idan ta cika shekara 25. Wannan doka guda ma tana motsa farashi a duniya: Nissan Skyline GT-R R34 da aka fara yi a 1999 ta yi ta tsada a Japan tun kafin 2024, saboda ana jiran ranar. Toyota ba ta taɓa sayar da Land Cruiser 70 a Amurka ba, Land Rover Defender kuma kaɗan aka kai musu tsakanin 1993 da 1997. Mu kuwa waɗannan, tare da Land Cruiser 40 da 60 da tsohuwar G-Wagen, sun yi aiki a ma'aikatu da gonaki da ƙungiyoyin agaji daga Maiduguri har Agadas. Kuma sitiyarinmu a hagu yake, irin na Amurka da yawancin Turai, abin da motocin Japan da Ingila da Kenya ba su da shi. Yawancinsu aiki ya gama da su, amma wadda ta tsira da injinta na asali da lambarta tsaf tana da masu nema na gaske. Lambar nan ba abin wasa ba ce: kwastan na Amurka sun taɓa murƙushe Defender da aka manna wa tsohuwar lamba don ta wuce a matsayin mai shekara 25.

Shawarata, ka shiga a matsayin dillali kafin ka shiga a matsayin mai ajiya. Dukiyarka a nan ita ce sanin gidaje da garejoji da tsofaffin bakanikai, ba kuɗi ba. Ka ɗauki hotuna masu kyau, ciki da waje da ƙarƙashi, ka nemi mai saye tukuna, ka karɓi la'adarka. Akwai masu tara tsofaffin motoci a Legas da Abuja, akwai masu shirya fim da masu biki da ke haya. In dole sai ka saya da kuɗinka, kada abin da ka sa gaba ɗaya ya wuce kashi goma na jarinka, kuma ka yi tayi a kan farashin motar da ba ta tashi, ba a kan farashin da ka gani a intanet ba. Ko motar ta gagara, fitilunta da ragar gabanta da tambarinta da agogunanta suna da kuɗi ɗaya-ɗaya, in ka riga 'yan gwangwan da za su auna ta a sikeli.

Abu biyu da suke jefa mutane a kotu. Na farko, motocin nan kayan gado ne. Kada ka ba ɗa ɗaya kafin alƙalami don shi ne ya kira ka. Ka tabbatar an raba gado ko magada duka sun yarda, mata da maza, a rubuta a sa hannu gaban shaidu, a ba ka takardun mallaka da na kwastan in akwai. Na biyu, mai saye daga waje. Fitar da kaya bisa doka yana buƙatar rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, da cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, da wakili mai lasisi a tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa ya amince da farashi bai nemi lambar shasi ba, bai turo wanda zai duba ba, cinikin biri a sama yake so ku yi, kuma mai sayen gaske ba ya yin haka. Motar ba ta barin hannunka sai kuɗi sun zauna a asusunka, ka tabbatar a banki, ba a saƙon waya ba.

Ka kuma tuna da zakka, domin motar da aka saya da niyyar sayarwa kayan ciniki ce. A mazhabar Malikiyya an bambanta ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda yake ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da ɗaya cikin arba'in, da mai ajiye kaya yana jiran tashin farashi, wanda yake fitarwa idan ya sayar. Kai za ka haɗa biyun a jari guda, don haka ka kai wa malaminku lissafin ya faɗa maka yadda za ka yi da motocin ajiyar kafin watan zakkarka ya zagayo.