Amsa ga mai son zuwa Ingila karatun binciken ƙasar gini

Ƙanena, ka ce ka gama digirin injiniya, kana son zuwa Ingila ka ƙware a binciken ƙasa kafin a aza harsashi, kana tambayar abin da ya kamata ka iya tun kana gida. Ka iya aikin bakin rami. Sabon ɗauka a nan hular kwano da takalmin aiki ake fara ba shi, a tura shi gefen injin haƙa yana rubuta abin da ke fitowa: launi, tauri, danshi, da zurfin da aka tarar da ruwa. Yawancin wuraren gini ma ba a shiga sai da katin CSCS, shaidar cewa ka cancanci aiki a wurin gini.

Kafin a haƙa komai, takardu ake bi: tsofaffin taswirori, bayanan ramukan da aka taɓa haƙawa waɗanda hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, BGS, ke ajiyewa, ko akwai tsohuwar mahaƙar kwal a ƙarƙashi. A Landan har bama-baman yaƙin duniya na biyu da ba su tashi ba ake bincika. Ka nemi BS 5930 da Eurocode 7, littattafan ƙa'idar binciken ƙasa da tsara harsashi, ka fara karantawa.

Gwajin SPT kuwa, wanda ake auna ƙarfin ƙasa da shi ta hanyar buga bututun ƙarfe a ƙasan ramin, ka haddace shi. Guduma mai nauyin kilo 63.5 ake sakowa daga tsayin milimita 760. Bugun da ya shigar da milimita 150 na farko ba ya cikin lissafi. Yawan bugun milimita 300 da ke biye shi ake kira adadin N, yawansa ke nuna ƙarfin ƙasar. Inda ake yawan ɓata shi a yashi ne, ƙasa da matakin ruwa. Idan mai haƙa bai riƙa ƙara ruwa a ramin ba, ruwan ƙasa zai bulbulo ya sassauta yashin, N ya fito ƙarami, a kashe kuɗi kan harsashin da ba a buƙata. Tsakuwa kuma takan toshe bakin bututun, N ya haura, a ɗauka ƙasar ta fi yadda take ƙarfi, kuma wannan ya fi haɗari. Matakin ruwan da ka gani ranar haƙa ma kada ka yarda da shi a yumɓu. Sai an sa bututun awo an dawo bayan makonni.

Babban ciwon kan kudu maso gabashin Ingila yumɓun Landan ne: ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, bango ya tsage. Idan ka san baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da Marte, halinsu ɗaya. Gwajin Atterberg ke nuna danƙonsa. A ƙa'idar NHBC, ƙungiyar da ke duba ingancin sabbin gidaje a can, idan ma'aunin danƙon ya kai kashi 40 cikin 100, zurfin harsashi ba zai gaza mita 1 ba, danƙo matsakaici mita 0.9, mai sauƙi mita 0.75. Wannan fa idan babu bishiya kusa. Da bishiya mai shan ruwa da yawa irin oak ko willow a gefe, zurfin kan kai mita 2 ko fiye. Sare ta kuma ba magani ba ne, don ƙasar za ta yi shekaru tana jan ruwa tana ɗaga ginin.

A wannan yumɓun dole a auna sinadarin salfet, domin yana cin kankare. Sakamakon ne ke faɗin irin simintin da za a kwaɓa.